FILIN MATA: Alkamar da Ke Ɓuya Cikin Gwangwani

Wannan mako zan yi muku magana ne a kan wata cuta wadda likita ke ganowa, amma maganinta yana hannun mai girki.

Akwai wata yarinya a ajina, shekararta 8. Kullum cikinta a kumbure, ga zawo, ga rama, duk tsararrakinta sun fi ta tsawo. An ba ta maganin tsutsar ciki har an gaji. Da aka kai ta babban asibiti aka auna, sai likita ya ce cutar siliyak ce, kada ta ƙara cin alkama. Uwar ta hana ta burodi da taliya da fanke, amma har wata uku sauƙin kaɗan ne. Ran nan na je gaishe su, na tarar ana dama mata garin koko na gwangwani don ta yi ƙiba. Na juya gwangwanin na karanta bayansa, sai ga sha'ir a rubuce. Baiwar Allah, da hannunta take ba 'yarta abin da ke cutarta, ba ta sani ba.

Ga yadda abin yake. A cikin alkama akwai wani abu da ake kira gulutin, watau danƙon nan da ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi. Akwai shi kuma cikin sha'ir, da wani hatsin Turai mai suna rye. In mai wannan cuta ya ci shi, sai jikinsa ya tasam ma ƙananan hanjinsa, ya lalata 'yan gasun da ke tsotse amfanin abinci. Shi ya sa yaro zai ci ya ƙoshi, amma jini ya yi ƙaranci, jiki ya ƙi gaba. Masana sun ce wajen mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita, kuma takan bi dangi.

Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da laifin alkama. A yunwar da aka yi can a 1944 zuwa 1945 burodi ya yi wuya, sai yara masu cutar suka murmure. Da burodi ya dawo, ciwo ya dawo. Ya rubuta bayaninsa a 1950. Har yau kuwa maganin ke nan, a bar gulutin muddin rai.

Mu dai Allah ya yi mana gata. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali, wake da gyaɗa, duk babu gulutin cikinsu. Wahalar tana wajen kayan kanti, inda alkama kan sake suna. Semo da kuskus na leda da taliyar yara duk alkama ce. Lemon malt da wasu garin koko na shayi akan sa musu sha'ir. Ko kwanfilas da aka yi da masara, sau da yawa akan zuba masa malt. Wasu dunƙulen miya da garin kayan ƙamshi da tsiran gwangwani ma ana haɗa su da fulawa.

Saboda haka kada ki dubi hoton gaban kwali. Juya bayansa, ki nemi inda aka jera kayan haɗi. In kin ga Wheat, Barley, Rye, Malt ko Semolina, ajiye shi. A kayan da aka rubuta da Faransanci, kalmomin su ne Blé, Orge da Seigle. Wanda aka rubuta wa Gluten Free, bisa ƙa'idar duniya, gulutin ɗinsa bai wuce miligiram 20 cikin kilo guda ba. Abin da aka ƙulla a leda babu rubutu, bar shi. Ki riƙa karantawa duk sayen da za ki yi, domin kamfani yakan sake haɗinsa.

A gida ma sai da lura. Injin da ya niƙa alkama zai bar ɓurɓushi a garin dawarki. Ki ware wa mai cutar rariya da muciya, kada kuma ki soya masa ƙosai a man da aka soya cincin. Ɗanwaken saye da waina, ki tambaya ko an sa fulawa.

Ku kuma 'yan makaranta, ga ranar karatunku. Ku riƙa karanta wa iyayenku bayan kwali.

Gargaɗi ɗaya ya rage. In kina zaton ɗanki yana da cutar, kada ki hana shi alkama kafin likita ya auna shi, domin yin haka yakan ɓoye ta a gwaji. Wanda ba shi da ita kuwa, ya ci gurasarsa lafiya.

Yarinyar nan tawa yanzu kunun gyaɗa take sha da safe, ta soma yin kumatu, har tana tsere da 'yan ajinsu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.