Tudun Mulago: Tarihi da Aikin Cibiyar Ciwon Daji ta Yuganda

Cibiyar Ciwon Daji ta Yuganda tana kan tudun Mulago a birnin Kampala, daura da babban asibitin ƙasar da makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Makerere. An buɗe ta a 1967, shekara 5 bayan ƙasar ta sami 'yancin kai, kuma tana cikin tsofaffin asibitocin sankara a Afirka kudu da Sahara. Yau ita ce matattarar masu wannan ciwo daga ko'ina a Yuganda, har da waɗanda ke tsallakowa daga Sudan ta Kudu da gabashin Kongo da Burundi. Ta cancanci a tsaya a kanta saboda ta ga jiya ta ga yau: juyin mulki, yaƙi, annobar ƙanjamau da mutuwar injin gashi tilo a ƙasar duk sun same ta, amma ba ta rufe ƙofa ba.

Asalinta wani kumburi ne na muƙamuƙin yara. A 1957 wani likitan tiyata ɗan Ireland ta Arewa, Denis Burkitt, wanda ke aiki a Mulago, ya duba wani yaro da muƙamuƙansa suka kumbura sama da ƙasa, haƙoransa suna girgiza. Bai daɗe ba ya sake ganin irin wannan a wani yaron. Da ya koma cikin tsofaffin takardun asibiti sai ya tarar ciwon ya sha zuwa, ba a dai gane cewa abu ɗaya ba ne, domin wani lokaci a fuska yake fitowa, wani lokaci a ciki ko a ƙoda. A 1958 ya wallafa bayaninsa. Daga baya aka tabbatar cewa dajin kaluluwa ne, aka sa masa sunan Burkitt. Babu ƙarin da ya kai shi saurin girma a jikin ɗan Adam, don yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Uwa takan ga ɗan kumburi a kuncin ɗanta ta ɗauka ciwon haƙori ne ko hangum, kafin makonni kaɗan ido ya turo waje, abinci ya gagara shiga baki.

Burkitt bai da kuɗin bincike na a zo a gani. Ya buga takardu ɗauke da hotunan yaran ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin nahiyar yana tambaya ko suna ganin irinsa. A 1961 shi da abokan aikinsa biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota ƙirar Ford suka yi tafiyar kusan mil 10,000 a gabashi da kudancin Afirka, suna bin asibitoci fiye da 50. Taswirar da ta fito ta nuna ciwon yana bin zafi da damshi. Ba a cika samunsa a kan tsaunuka masu sanyi ba, haka nan inda ruwan sama ya yi ƙaranci. A Najeriya ya lura yana da yawa a kudu mai dausayi, ya kuma yi ƙaranci a yankin Kano duk da yawan jama'arta. Wannan iyaka ta zo daidai da inda zazzaɓin cizon sauro ke addabar yara duk shekara, rani da damina.

Wani masanin ƙwayoyin cuta a Landan, Anthony Epstein, ya saurari laccar Burkitt a 1961, ya roƙi a riƙa aiko masa da tsokar ƙarin daga Kampala. Ya yi fiye da shekara biyu yana nema bai ga komai ba. A ƙarshen 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgin da ke ɗauke da wani samfuri zuwa Manchester, ya iso a makare, ruwan da tsokar ke ciki ya gurɓace. An zaci ya lalace, ashe ƙwayoyin ƙarin ne suka saki jikinsu suna yawo da ransu. Daga su aka raini ƙwayoyin a ɗakin gwaji, kuma a 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka sanar da gano bairos ɗin Epstein-Barr, na farko da aka danganta da sankara a jikin mutum. Duniya ta san sunayen waɗannan masana. Yaran Yuganda da aka yanki tsokarsu, da iyayen da suka amince, ba a ambatonsu, alhali da jikinsu aka yi aikin.

Abin da ya haifi cibiyar kai tsaye shi ne magani. Yuganda ba ta da injin gashi a lokacin, tiyata kuma ba ta da amfani ga ƙarin da ya watsu. Sai aka jarraba magungunan kemo irin su methotrexate da cyclophosphamide, aka ga abin mamaki: kumburin da ya cika fuska yana narkewa cikin kwanaki, wasu yaran ma da allura ɗaya ko biyu suka warke sarai. A Ibadan, likita Victor Anomah Ngu ɗan Kamaru yana ganin irin wannan sakamako. Wannan ya jawo hankalin Cibiyar Sankara ta Amurka, ta haɗa hannu da Makerere da ma'aikatar lafiya aka buɗe sashen jinyar dajin kaluluwa a 1967 ƙarƙashin wani matashin likita, John Ziegler. A 1969 aka ƙara sashe na biyu don manya masu dajin hanta, dajin fata da ciwon Kaposi. Ma'aikatan sun yi suna wajen bin sawun marasa lafiya. Idan aka sallami yaro, ana shiga mota a bi shi har ƙauyensu bayan watanni a ga ko ciwon ya dawo, shi ya sa bayanansu suka zama abin dogaro ga likitocin duniya. A 1972 Burkitt da Ziegler da Ngu suna cikin waɗanda aka bai wa lambar yabo ta Lasker.

Kafin a kai ga wannan yabo, ƙasa ta riga ta rikice. Idi Amin ya ƙwace mulki a watan Janairun 1971, a 1972 ya kori 'yan asalin Asiya, Turawa da Amurkawa suka tattara nasu ya nasu suka fice. Irin wannan lokaci ne ke kashe yawancin ayyukan da baƙi suka kafa. Nan kuwa an riga an tura wani ɗan ƙasa, Charles Olweny, ƙaro ilimi Amurka, aka kira shi ya dawo ya karɓi ragama tun yana matashi. Shi da ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji suka riƙe wurin a shekarun da ake ɗauke mutum da rana tsaka ba a sake jin ɗuriyarsa, sabulu da sukari ma sun zama kayan gabas. Ba jinya kaɗai suka yi ba, sun ci gaba da bincike, har Olweny ya nuna amfanin maganin doxorubicin ga dajin hanta a tsakiyar shekarun 1970. Wannan babi shi ne mafi muhimmanci a tarihin cibiyar. Gini da kuɗi daga waje suka zo, amma abin da ya hana ta mutuwa shi ne an koya wa 'yan ƙasa aikin tun daga tushe, kuma an yarda su shugabance shi.

Shekarun 1980 da 1990 sun fi tsanani ta wata fuskar. Yaƙin basasa ya ci tattalin arziki, sannan ƙanjamau ya shigo. Ciwon Kaposi, wanda a da dattawan maza yake kamawa a ƙafa yana tafiya a hankali, ya rikiɗe ya zama mai kisa cikin gaggawa a jikin matasa maza da mata, ya cika gadaje. Rijistar masu sankara ta Kampala, wadda aka fara tun farkon shekarun 1950, ita ta nuna wannan sauyi da alƙaluma. Edward Katongole-Mbidde ya ja ragamar wurin a wannan zamani da magani kaɗan da ma'aikata kaɗan. Lokacin da Jackson Orem ya zama shugaba a 2004, an yi shekaru shi kaɗai ne ƙwararren likitan sankara a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 25.

Farfaɗowa ta fara da haɗin gwiwa da cibiyar bincike ta Fred Hutchinson da ke Seattle a Amurka. An fara da horar da likitoci, gini ya biyo baya, aka buɗe sabuwar cibiyar bincike da duba marasa lafiya a 2015. Wannan jeri shi ne daidai, kuma gwamnatoci da yawa a nahiyar nan baibai suke yinsa: a yanka kyallen buɗe bene, sannan a fara neman wanda zai yi aiki a ciki. A 2016 majalisar dokoki ta zartar da dokar da ta ba cibiyar cin gashin kanta, da kasafinta daban da na asibitin Mulago. Ƙungiyar Ƙasashen Gabashin Afirka kuma ta zaɓe ta a matsayin cibiyar ƙwarewa kan sankara ta yankin, da tallafin Bankin Raya Afirka.

A wannan shekara ta 2016 ce kuma abin kunya ya faru. Injin gashi ɗaya tak ƙasar take da shi, mai aiki da sinadarin kobalt, ƙirar Sin, wanda aka girka tun 1995. Ƙarfin kobalt yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da 'yan watanni, don haka dole a riƙa sauya shi, in ba haka ba gashin da ya kamata ya ɗauki minti kaɗan sai ya riƙa cin lokaci mai tsawo, layi ya ƙaru. Ma'aikata sun yi ta lallaɓa injin, suna aiki da shi dare da rana, har ya tsaya cak. Kusan rabin masu sankara suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu, musamman mata masu dajin bakin mahaifa. Mafita ɗaya ita ce Nairobi, tafiyar fiye da kilomita 600, ga kuɗin mota da masauki na makonni. Asibitin Aga Khan na can ya yi alkawarin yi wa mutum 400 kyauta, amma masu buƙata dubbai ne. Sai a watan Janairun 2018 sabon inji ya fara aiki da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Babu wanda mutuwar tsohon injin ta zo wa da bazata, tsufan injin sananne ne shekara da shekaru, sakaci ne na masu riƙe da kasafi. A Najeriya ma, iyalan da suka taɓa kai majinyaci Shika ko Sakkwato ko Gombe don gashi, ko suka wuce har Abuja da Legas, sun san nauyin kalmar nan "inji ya lalace".

A yau ayyukan cibiyar sun faɗaɗa. Akwai sashen gwaji inda ake duba tsokar da aka yanka a tantance irin dajin da matakinsa, domin ba a fara kemo da ka. Akwai ɗakunan ƙarin ruwan magani, inda majinyaci ke zama a kujera awanni a ɗaura masa, ya tafi ya dawo bayan mako 3, haka har zagaye 6 ko fiye. Akwai ɓangaren yara, da tiyata, da gashi, wanda yanzu ya haɗa da injuna na zamani masu aiki da lantarki da kuma gashin ciki da ake yi wa bakin mahaifa. Ana gwajin mama da bakin mahaifa ga masu lafiya, ana kuma fita da mota zuwa gundumomi. Sankarar bakin mahaifa ce kan gaba a tsakanin matan ƙasar, kuma tun 2015 ake yi wa 'yan mata rigakafin bairos ɗin da ke jawo ta, abin da Najeriya ta fara a watan Oktoban 2023. Cibiyar tana horar da ƙwararru a fannin dajin jini, na yara da na mata, daga Yuganda da maƙwabta.

Wajen rage raɗaɗi Yuganda ta yi abin koyi. Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993, ta kawo dabarar haɗa ruwan mofin na sha mai arha, gari da ruwa da ɗan abin hana lalacewa, a zuba a kwalba. A 2004 gwamnati ta halatta wa ma'aikatan jinya da aka horar su rubuta shi, ba sai likita ba, kuma kyauta ake bayarwa. Wanda ciwonsa ya wuce magani yana iya komawa gida ya kwanta cikin iyalinsa ba tare da kururuwa ba.

Matsalar da ta rage babba ce. Ƙiyasi ya nuna fiye da mutum 30,000 ke kamuwa da sankara a ƙasar duk shekara, kaɗan daga cikinsu ke isa Mulago, mafi yawan waɗanda suka isa kuma ciwon ya riga ya ci jiki. A ƙa'ida jinya kyauta ce, amma idan magani ya yanke sai dangi su saya a kanti, ga kuɗin hoto da na abinci. Mutumin da ya zo daga Arua ko Karamoja ba zai iya zuwa ya koma tsakanin gashi da gashi ba, shi ya sa aka daɗe ana ganin majinyata da masu jinyarsu kwance a baranda da ƙarƙashin bishiya, da tabarma da bokiti da ɗan murhu, suna jiran ranar da za a kira su. Wasu kuɗin guzuri ke ƙare musu su bar jinya a tsakiya, wanda ga yaro mai ciwon Burkitt yana nufin rasa waraka da ke kusa. Don rage wannan nisa gwamnati ta tsara rassa huɗu a Gulu da Mbarara da Arua da Mbale. Na Gulu a arewa ya fara karɓar marasa lafiya, a Mbarara ma ana jinya. Kowane reshe yana buƙatar likitan gwajin tsoka, masanin lissafin gashi, injiniyan gyara da ma'aikatan jinya da suka iya kemo, kuma horar da kowanne yana cin shekaru, albashin da zai hana shi tafiya ƙasar waje kuma dole ya fito daga baitulmalin ƙasar.