SHARHI: Man Ƙafafun Gaban Babur Da Asarar Masu Jari

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kayan gyaran babur suka yi tsada daga Nnewi har zuwa kasuwannin Arewa. Wannan ya sa masu saye babura suna ba matasa haya suka shiga tsimi. Sai dai akwai tsimin da ƙarshensa hasara ce, kamar yin watsi da man da ke cikin bututai biyu masu riƙe da tayar gaba.

Aikin wannan mai shi ne danne tsallen sifirin idan babur ya faɗa rami. Idan ya tsufa, sai ya gauraye da garin ƙarfe ya rasa ƙarfinsa, gaban babur ya riƙa nutsewa duk lokacin da aka kama birki. Daga nan taya ta cinye da wuri, robar da ke tare man ta fara yoyo, wani lokaci har man ya gangara kan birki.

Abin takaici, kanikawa da yawa baƙin man inji suke ɗurawa, bisa ƙiyasin ido. Alhali kuwa akwai man da aka yi musamman domin wannan aiki, mai lambobin kauri irin su 10W da 15W. Kamfanin kowane babur ya ƙayyade adadin da za a zuba, kuma wajibi ne ƙafafun biyu su sami awo ɗaya.

Haka batun yake ga kayan aiki. Guduma da sukudireba su ne ke ƙarje jikin bututu, bututun da ya ƙarzu kuwa yakan yaga kowace sabuwar roba. Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: sifana daidai da kan noti, kofi mai awon mililita, ƙarfen dasa roba, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri.

Saboda haka ya kamata mai jari ya sanya canjin wannan mai cikin yarjejeniyarsa da ɗan acaɓa, bisa wa'adin da littafin babur ya nuna. Su kuma ƙungiyoyin kanikawa su haɗa kuɗi su sayi kayan da mutum ɗaya ba zai iya saye ba. Kuɗin kwalbar mai bai kai na bututai biyu ba, balle a yi zancen ran fasinja.