Ruwan da ke cin sabulu

A unguwar Maourey, cikin tsakiyar birnin Yamai, idan mace ta tari ruwa a famfo ta goga sabulu, nan take kumfa yake tashi. Ranar da tafiya ta kai ta wurin dangi a wani ƙaramin gari na Adar, sai ta tarar da wani abu dabam. Sabulu yana ƙarewa a hannu, kumfa kaɗan ne, wani farin dauɗa yana yawo bisa ruwan wanki, zane kuma in ya bushe sai ya yi ƙarfi kamar an sa masa sitaci. Gindin buta da tukunyar shayi duk sun yi farin ɓawo. Wake ya daɗe bisa wuta bai nuna ba. Mutanen garin suna cewa ruwansu nauyi gare shi, kuma gaskiya suka faɗa.

Dalilin bambancin a fili yake. Ruwan famfon Yamai daga kogin Isa ake jawo shi, a tace shi a Gudel da Yantala, sannan a tura shi shato-shato. Ruwan kogi bai daɗe cikin duwatsu ba, saboda haka bai kwaso ma'adinai da yawa ba. Wahalarsa ita ce laka, musamman da damina. Ƙananan garuruwa kuwa yawancinsu da foraj suka dogara. Ruwan da ya kwana shekaru a ƙarƙashin ƙasa, idan ya ratsa farin dutse irin wanda ake haƙa a Malbaza don yin siminti, sai ya narkar da sinadarai biyu, kalsiyom da magneziyom, ya taho da su har cikin tulu. Su ne ke kama sabulu su hana shi aiki, su ne kuma ke daskarewa su zama ɓawo in an tafasa ruwan. Kada a haɗa wannan da zartsi, wato ɗanɗanon gishiri ko kanwa da ake ji a wasu rijiyoyin Dallol Boso da kwarin Foga. Zartsi harshe ke gane shi, nauyi kuwa sabulu ke tona asirinsa.

Asarar da ruwa mai nauyi ke jawo wa gida ba ƙarama ba ce, ko da yake ba a rubuta ta a takardar kuɗin ruwa. Sabulun da zai kai mako ba ya kaiwa. Ɓawon da ke gindin tukunya yana tare zafi, sai itace ko gawayi ko gas su ƙaru, a ƙasar da kowace itaciya take da daraja. Bututu yana ƙuntacewa daga ciki har ruwa ya riƙa zuwa kamar zare, kan famfo ya toshe, a kira mai gyara. Duk wannan nauyi bisa mata yake faɗawa, domin su ke wanki, su ke dahuwa, su ne kuma ake tuhuma da ɓarna in kuɗin cefane ya gaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ɓawon yakan soma taruwa idan nauyin ruwa ya haura wajen miligiram 200 a kowace lita, wato digiri 20 a ma'aunin Faransa da ma'aikatan ruwa ke aiki da shi.

Iyaye mata sun daɗe da sanin rabin maganin tun ba a zo da littafi ba. Ƴar kanwar da ake jefawa cikin tukunyar wake tana karya nauyin ruwa, shi ya sa waken ke saurin nuna. Tafasa ruwa a bar shi ya kwanta yana rage wani sashe na nauyin. Ruwan lemun tsami ko na tsamiya, in an bar shi ya kwana cikin buta, yana narkar da ɓawon ba tare da an kankare da wuƙa an huda ƙarfen ba.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, nauyin ruwa ba guba ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ma sa masa iyaka ta fuskar lafiya ba, domin kalsiyom da magneziyom abubuwa ne da jiki ke bukata. Inda haɗarin yake shi ne a ɗauka cewa duk ruwan da ya yi kumfa, ya yi garai, ba shi da ɗanɗano, to lafiyayye ne.

Tibiri ta Gobir, kusa da Maradi, ita ce shaida. Daga shekarar 1985 mutanen garin suka soma shan ruwan wani foraj mai zurfi, suna murna an raba su da guga. Ruwan fari ne tas, babu wari. Ashe yana ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da kima nesa, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita. An yi wajen shekara goma sha biyar ana sha. Haƙoran yara suka rine, ƙafafun waɗansu suka lanƙwashe, waɗansu suka kasa tafiya, kuma dubbai ne abin ya taɓa. A shekarar 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan yaran Tibiri. Babu sabulun da zai iya gaya wa uwayen nan abin da ke cikin tulunsu. Awo ne kaɗai zai iya, kuma awon bai zo a kan kari ba.

Mutanen Maourey da sauran tsofaffin unguwannin Yamai kada su ce wannan labarin ƙauye ne. Lokacin bazara, idan famfo ya ɗauke, mai gida yakan sayi ruwa wurin ƴan garuwa ba tare da ya tambayi inda aka ɗebo shi ba, masu hali kuma suna haƙa foraj cikin gidajensu. Masu bincike sun daɗe da nuna cewa ruwan ƙarƙashin ƙasar Yamai, a wurare da dama, yana da yawan sinadarin nitarat, wanda ke tsatsafowa daga masai da shara. Iyakarsa miligiram 50 ce a lita, kuma jarirai da ake dama wa madarar gwangwani ya fi cutarwa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da nitarat ko fuluwor. Ƙara musu ƙarfi ma take yi, tun da ruwa ke tafiya cikin tururi su kuwa suna nan.

Tun farkon shekarar 2024 aikin raba ruwa a birane ya koma hannun kamfanin ƙasa, NDE, bayan ƙarewar yarjejeniyar SEEN wadda aka soma a 2001. Wanda ya karɓi famfo ya karɓi amanarsa. Wajibi ne a riƙa auna ruwan kowane shato da kowane foraj na jama'a a kai a kai, kafin a buɗe shi da kuma bayan an buɗe, a tilasta wa mai sayar da ruwan foraj ɗin gidansa ya nuna takardar awo. Sakamakon kuma kada ya kwanta cikin aljihun tebur da Faransanci. A rubuta shi da Hausa da Zabarmanci, a manna a ofishin magajin gari, da ƙofar gidan likita, da gindin famfon unguwa, lambar da aka samu a gefe guda, iyakar da aka yarda da ita a ɗaya gefen. A kowace unguwa akwai waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci, masu iya karanta lamba biyu su gane wadda ta fi girma, su kuma je wurin mai unguwa su tambayi ranar da aka yi awo na ƙarshe.