Ra'ayinmu: Kafin Ɗan Kasuwa Ya Taɓa Jari Don Sayen Gida

Sanin kowa ne cewa babu magidancin da ba ya burin ganin ya mallaki muhallinsa, ya huta da tashin hankalin mai gidan haya a ƙarshen shekara. Wannan buri ne mai kyau, kuma ba mu hana kowa shi ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda wasu 'yan kasuwarmu na bakin iyaka, daga Jibiya da Ɗan Isa zuwa Illela da Birnin Ƙwanni da Maigatari, suke kwashe jari su zuba a gida ba tare da lissafi ba, daga baya a wayi gari ga gida ya samu amma rumfa ta mutu.

Ma'aikaci yana da albashin da yake jira, shi kuwa ɗan kasuwa jarinsa ne gonarsa, abin da ya cire daga ciki ya daina haihuwa. Bari mu buga misali. A ce mutum yana juya sefa miliyan 10, yana samun ribar 300,000 a wata, hidimar gidansa kuma tana cin 150,000, ciki har da haya 30,000. Idan ya ciri miliyan 6 ya sayi gida, sauran miliyan 4 ɗin za su kawo masa 120,000 ne kacal, kuma daidai abin da gidan zai ci ke nan bayan an cire haya. Wato ya tsira da 30,000 ya rasa 180,000, babu sauran abin ajiyewa. Duk wanda bai zauna ya yi wannan lissafi da nasa alƙaluman ba, bai kai ga zuwa wurin dillali ba.

Na biyu, kuɗin da mai gida ya faɗa ba shi ne kuɗin gida ba. Akwai la'adar dillali, da kuɗin takardu da na awon fili, da gyaran rufi da masai, da jawo ruwa da wuta, sannan ga ɗawainiyar tarewa. Ya kamata a rubuta waɗannan duka a haɗa kafin a yi ciniki, domin su ne suke cinye ragowar jarin da aka yi niyyar bari a kasuwa.

Na uku, kasuwar iyaka ba ta da tabbas, kuma mun gani da idonmu. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakar ƙasashen biyu, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A waɗannan lokuta kaya sun lalace a kan manyan motoci, masu bashi kuma ba su daina ƙwanƙwasa ƙofa ba. Wanda yake da ajiya a hannu ya lallaɓa har aka buɗe, wanda kuwa dukiyarsa ta maƙale a bulo da siminti sai dai ya sa gidan a kasuwa a lokacin da kowa ke neman kuɗi. Don haka shawararmu ita ce, bayan an biya gida, a tabbatar akwai abin da zai ciyar da iyali aƙalla wata shida ba tare da an taɓa jari ba.

Bugu da ƙari, sai a lura da canji. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, ita kuwa naira, bayan da aka sake ta a watan Yunin 2023, ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ɗaya a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Mutumin da cinikinsa da naira yake, ya ɗauki alƙawarin biyan gida kaɗan-kaɗan da sefa, yana iya tarar da bashinsa ya ninka alhali bai ƙara ko ɗaki ɗaya ba. Gara a ƙulla ciniki da kuɗin da ake samu, a rubuta, a sa shaidu.

Sai maganar takarda. A Nijeriya, dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha, kuma sayar da filin da ke da takardar gwamnati yana bukatar amincewarsa. A Nijar akwai kwamitocin filaye da aka kafa ƙarƙashin dokar karkara ta 1993, a birni kuma sai a bi ta ofishin magajin gari. Idan gidan gado ne, kada a biya ko sisi sai magada duka sun yarda a gaban alƙali. Haka nan a je a ga unguwar da damina, domin ambaliyar 2024 da ta yi ɓarna a Maiduguri da Maraɗi ta nuna mana cewa gida mai araha a kan hanyar ruwa shi ne mafi tsada.

Ga wanda lissafinsa bai kai ba, babu abin kunya a zaman haya. Iyayenmu fili suke fara saya, su kewaye, su yi ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi, daga riba ba daga uwar kuɗi ba. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Wanda kuma zai ci bashi, ya nemi bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, ya tambayi jimillar abin da zai biya daga farko har ƙarshe kafin ya sa hannu.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su riƙa zaunar da matasansu suna koya musu wannan lissafi, mu kuma hukumomi mu roƙe su da su sauƙaƙa kuɗin takardun fili. Allah ya ba kowa muhalli mai albarka, ya bar mana kasuwa a raye.