Kimiyya A Sauƙaƙe: Daga Doyar Suleja Zuwa Ƙwan Kifin Teku

Duk uwargidan da ta taɓa fere doya a Suleja ta san in ta bar ta a fili ba ta tsoma a ruwa ba, kan a jima sai ta rine. Haka goro yake in an ɓara shi. Dalili kuwa, a cikinsu akwai wani sinadari da masana ke kira enzayim, wanda ke killace har sai wuƙa ta haɗa shi da iska.

To, irin wannan sinadari ne wasu kifayen teku ke gina wa 'ya'yansu ɗaki da shi. Kifaye ne marasa ƙashi, sai guringuntsi, watau dangin shak da wani mai faɗi kamar faifai da ake kira siket. Macen ba ta zubar da ƙwai tsirara. Akwai wani ƙulli a hanyar ƙwanta mai fitar da abu fari, mai taushi, wanda ke naɗe ƙwan ya zama 'yar jaka mai ƙaho huɗu. Tun jakar na cikin uwar take yin duhu, ta yi tauri, ta yadda za ta jure watanni a ƙasan teku. Aikin ya yi kama da na majeman Kano da Sakkwato, masu mai da ƙirgi fata da bagaruwa.

Amma inda hikimar take, a ganina, shi ne lokaci. Da sinadarin zai kama aiki tun yana cikin ƙullin, da kayan ginin sun sandare kafin a ƙera jakar, kamar yumɓun da ya bushe a hannun maginiya. Thomas Koob da David Cox, waɗanda suka yi nazarin siket a gaɓar Maine ta Amurka, sun bayyana a 1990 cewa ana ajiye shi ne yana barci. Ba ya farkawa sai jakar ta samu siffa, sannan ya ɗaure zaruruwanta da juna.

Mu ma nan muna da ɗan wannan dangi a kogin Kwara da Binuwai: kunamar ruwa, wadda masunta ke shakkar harbinta, aka kuma sa mata sunan kimiyya daga garin Garwa a 1962. Sai dai ita ba ta ajiye jaka a ruwa. Haihuwar 'ya'yanta take yi da rai.