Furar da Babu Nono

A ƙarshen watan jiya na je Wurno gaisuwar mutuwa, na kwana gidan wani ɗan'uwan mahaifiyata. Da hantsi aka kawo mana fura a ƙwarya, na kurɓa na ji ruwa ne da gero da yaji, babu ko ƙanshin nono. Dattijon ya lura da fuskata, ya ce, "Ɗana, yi haƙuri. Rugar da muke sayen nono ta tashi shekara uku ke nan." Jikokinsa biyar suna zaune, wannan furar ce kalacinsu, ita ce kuma za ta kai su har tuwon dare.

Tun daga ranar nake tunanin abin da ya fita daga ƙwaryar nan. Masana suna kiransa furotin, wato sinadarin da jiki ke gina tsoka da jini da fata da shi, yake kuma ƙera makaman yaƙi da cuta. Gero da shinkafa suna ba da ƙarfin aiki, amma ginin kansa sai da furotin. Baligi yana buƙatar kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, wato mai kilo 60 yana neman wajen giram 50. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6. Yaro mai tasowa da mace mai ciki ko mai shayarwa, buƙatarsu ta fi haka idan aka gwada da nauyinsu.

Furotin kuma ba iri ɗaya ba ne. An gina shi da ƙananan tubala iri 20, tara daga ciki jiki ba ya iya yin su da kansa, dole sai an ci. Hatsi yana da furotin, gero ma ya fi shinkafa, sai dai yana da ƙarancin tubali guda da ake kira laisin. Wake da nono suna da shi a wadace. Abin da wake ya gaza a kai kuma, hatsi yana cikewa. Kakanninmu ba su shiga ɗakin gwaji ba, amma sun dama fura da nono, sun dafa shinkafa da wake, sun haɗa koko da ƙosai, sun jefa daddawa a miya. Duk lokacin da na bayyana wa ɗalibaina wannan sai su yi dariya, domin garau-garau ɗin da suke rainawa ya fi taliyar leda da suke alfahari da ita.

To ina gizo yake saƙar? Yankin nan ba matalaucin ƙasa ba ne. Madatsar ruwan Goronyo a kan Gulbin Rima tana ba da kifi da noman rani, fadamar Wurno tana fitar da shinkafa da albasa da tafarnuwa, jar akuyar Sakkwato kuwa sunanta ya kai Turai saboda fatarta. Amma satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun watsa rugage a ƙasar Rabah da Goronyo, kuma ba a manta da kisan da aka yi a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 ba. Saniyar da aka kora daji ta tafi da nonon yaran gari guda. Manomin da ya samu ya noma wake kuma yakan sayar da shi tun da kaka don biyan bashi, ya bar wa gida gero kawai.

Akwai kuma laifinmu. Har yau a gidaje da yawa tsokar miya ta maigida ce, yaro sai romo. Har yau ana cewa yaron da aka saba masa da ƙwai zai yi sata, sai a kai ƙwan zabi kasuwa a sayo masa lemon kwalba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Sakkwato 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Ba ƙarancin furotin kaɗai ke jawo haka ba, gudawa da ƙyanda da zazzaɓi suna da hannu, amma yaron da aka yaye a kan koko zalla ba shi da abin da zai tare su da shi. Abincin leda da ake ba masu tamowa a asibiti, in ka duba, gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari, aka ƙara sinadarai. Gyaɗar da muka sayar da araha ce take dawo mana a matsayin magani.

Ban ce kowa ya sayi nama ba, na san farashinsa. Ƙuliƙuli, in an tatse mai, kusan rabinsa furotin ne, ana iya daka shi a barbaɗa a kokon yaro, muddin gyaɗar ba ta yi fumfuna ba. Awara tana da araha, haka ƙananan busassun kifi da fara a lokacinta. Kafin in bar Wurno na sayi tiya biyu ta waken suya na bar wa matar gidan, ta ce ta iya yin awara, a wajen maƙwabciyarta ta koya.