Zare: Dokin da ake sakar wa linzami, da garin da ya ginu a kansa

1/ Sati uku ke nan TikTok ya ƙi nuna min komai sai dawakin Texas suna tare saniya. Datata ta ƙare a nan, ga jarrabawa a gaba. Abokin ɗakina ya ce in ya samu biza can zai tare, wai "rayuwa ba hayaniya". Na ce masa bai gane abin da yake kallo ba. Ku biyo ni 🧵

2/ Wasan sunansa cutting, wato ware saniya daga garke. Asalinsa aiki ne: makiyayan Amurka na buƙatar fitar da saniya ɗaya don yi mata magani, ko sa mata shaida, ko sayarwa. A 1946 aka kafa ƙungiyar wasan, NCHA, a Fort Worth, aikin ya koma gasa.

3/ Minti biyu da rabi ake ba ka. Ka shiga garke a hankali, ka zaɓi saniya, ka fito da ita. Daga nan sai ka sauke hannunka, ka saki linzami. Ita saniya burinta ta koma cikin 'yan uwanta, shi doki aikinsa ya hana ta. Shi kaɗai. In ka ja linzami a rage maka maki.

4/ Ku sake karanta wannan. Ka biya kuɗin shiga, mutane na kallo, dabbar da ke ƙarƙashinka tana zille-zille hagu da dama, ƙirjinta na neman taɓa ƙasa, kuma doka ta ce kar ka ja ta. Sai ƙafafunka kawai. Ni da ko keke ba na sakin hannu, wallahi wannan ne ya kama ni.

5/ Maki daga 60 ne zuwa 80, kowa daga 70 yake farawa. Saniya ta kuɓuce ta koma garke, maki 5 sun tafi. Shekarun horo na iya rushewa cikin daƙiƙa ɗaya saboda karsana mai taurin kai.

6/ Cibiyar abin ita ce Weatherford, a gundumar Parker, yamma da Fort Worth, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Garin na kiran kansa babban birnin dawakin cutting na duniya. Manyan gasanni uku na shekara duk a filin Will Rogers na Fort Worth ake yin su, shi ya sa masu horo suka taru kusa.

7/ To a nan muka raba gari da abokina. Shi abin da yake gani: fili iya ganinka, shinge, faɗuwar rana, hula mai faɗi, ba mai damunka. Wato kaɗaici mai kyau. Ni kuma na ce abin sha'awar wurin kishiyar kaɗaici ne.

8/ Duba bidiyon da kyau, ba mahayi ɗaya ba ne a fili. Akwai mutum huɗu da ke taimaka masa: biyu na riƙe garke, biyu na juyo da saniya ta fuskanci dokinsa. Su wa ye? Galibi abokan gasarsa ne. Wanda ke neman kofin da kake nema shi zai tare maka saniya, anjima kai ma ka tare masa.

9/ Ka yi tunanin abin da hakan ke yi wa zaman gari. Ba za ka yi girman kai ba, don gobe kana buƙatar mutum huɗu. Ba za ka yi ha'inci a taimako ba, don kowa na kallo kuma layi zai zo kanka. Mu a aji ko tsoffin tambayoyin jarrabawa wani ɓoyewa yake 😅

10/ Kuma ba a fili kawai ba. Saniyar da aka yi ta warewa takan gane wasan ta daina gudu, dole a riƙa kawo sababbi. Ga mai sa wa doki takalmin ƙarfe, ga likitan dabbobi, ga mai kawo ciyawa, ga mai ɗinka sirdi. Gari guda yana cin abinci a jikin minti biyu da rabi.

11/ Yanzu abin da bidiyo ba ya nunawa. "Ba hayaniya" ɗin nan wani ne ke ɗauke ta. Akwai ma'aikatan da aikinsu kilisa ne: su yi ta zagaye da doki har ya huce kafin maigida ya hau. Lokacin zafi tun kafin asuba ake tashi. Masu sharar barga kuwa da yawansu baƙi ne daga Meziko.

12/ Na ce wa abokina: malam, in ka je can da bizar da kake mafarki, ba kan sirdin da ke bidiyo za ka fara ba, shebur za a miƙa maka. Bai yi dariya ba.

13/ Kuɗi kuma? Babbar gasar Futurity, wadda aka fara a 1962, ta dawakai 'yan shekara uku ce. Ka sayi ɗan doki, ka biya mai horo wata da watanni, ka ciyar, kafin ka san ko yana da basirar karanta saniya. Da yawa ba sa kaiwa. Wasan masu hannu da shuni ne, ba sai an ɓoye ba.

14/ Taylor Sheridan, mai shirin Yellowstone, yana da gandun kiwo a Weatherford kuma shi kansa yana hawa. Shirinsa ya sa miliyoyi sha'awar rayuwar. Amma in masu kuɗi suka yi ta sayen fili don sha'awa, farashi ya tashi, matashin mai horo da ke farawa ina zai kafa bargarsa?

15/ Wani abu da ya tsaya min: muna yaba Baturen da dokinsa ke karanta motsin saniya, amma yaron Fulani da ya san kowace saniya a garkensa da suna da hali, ba mu taɓa kiran wannan ilimi ba. Ban ce komai ba, na dai lura.

16/ Abokina har yanzu yana kan bakansa, ya ce ko shebur ɗin ne zai riƙe. Na ce to ya fara gwadawa a bargar masu hawan sallah a nan gida, sati ɗaya kacal, tashin asuba. Ya ce sai bayan jarrabawa.